Masu Jinyar Ƙasa

Agwagi ne suka fara ƙarewa. A farkon shekarar 2010, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, agwagin da ke kiwo a bakin kududdufi suka yi ta mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa, domin annobar dabbobin gida ba baƙuwa ba ce a karkara. Daga nan sai abin ya koma kan yara ƙanana: amai, ciwon ciki, jijjiga, dogon suma, sai rasuwa. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, ba su yi aiki ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika da jinin yaran zuwa ƙasar waje aka gane gubar dalma ce. Da ma'aikatan hukumar CDC ta Amurka suka bi gida gida a Dareta da 'Yargalma, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya bisa huɗu ke nan. Jimillar yaran da aka rasa a yankin ta haura 400.

Asalin abin shi ne zinare ya yi tsada a kasuwar duniya, maza suka bazama haƙa, suna ɗauko buhunan dutse zuwa gida. A daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Dutsen kuwa cike yake da dalma, kuma ƙurarsa ta sauka a ko'ina: kan daɓe, kan tabarma, kan hannun yaro mai rarrafe da ba ya ganin abu ya ƙyale sai ya kai baki.

Likitoci suna da maganin da ke kama dalma a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma sun san in aka ba yaro maganin aka mai da shi tsakar gidan da ta sa masa cutar, an yi aikin banza, wataƙila ma an ƙara masa illa. Don haka jinyar yaro ta tsaya jiran jinyar ƙasa. A nan ne ake buƙatar mutumin da nake son yin magana a kansa, wato masanin ƙasa, wanda sana'arsa ita ce ya gano guba a inda ido ba ya ganinta, ya san iyakarta, ya san inda ta dosa, sannan ya san abin da za a kwashe da abin da za a bari. A ganina, cikin sana'o'in ilmi kaf babu wadda ake amfana da ita ba a san mai yin ta ba kamar wannan.

Tushen ilmin ba baƙo ba ne a wurinmu. Manomi yana damƙar ƙasa ya ce wannan jigawa ce sai gero da gyaɗa, waccan laka ce ta fadama sai shinkafa da rake. Mai haƙa rijiya yana iya lissafa maka abin da zai tarar tun kafin ya sa diga: baƙar ƙasa a sama, sai jar ƙasa, sai marmara, sai yumɓu, sai ruɓaɓɓen dutse mai danshi inda yake sa ran idon ruwa. Masanin ƙasa da waɗannan abubuwan yake farawa, shi ma yana murza ƙasa da yatsu ya ji yawan yashinta da yumɓunta. Abin da ya ƙara a kai shi ne awo, da sanin yadda kowace guba take zama da kowace irin ƙasa.

A Zamfara babban makaminsu wata na'ura ce ta riƙewa a hannu da ake kira XRF. Ana kafa bakinta a ƙasa a danna, sai ta harba haske irin na ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, kowane ƙarfe da ke cikin ƙasar ya mai do da nasa hasken na daban, na'urar ta karanta ta faɗi adadinsa cikin abin da bai wuce minti guda ba. Danna na'urar kowa ma yana iya koyo a wuni ɗaya. Gwanintar tana wajen sanin inda za a danna. Tsakar gida ɗaya tana iya zama lafiya ƙalau a bakin rumbu, amma taku biyar daga nan, inda turmi ya saba zama, lambar ta haura sama. Ƙasa mai danshi takan sa na'urar ta rage adadi. Tsakuwa ba ta maƙale wa hannun yaro, lallausar ƙura ce ke maƙalewa, don haka sai an tankaɗe ƙasar an auna garin kafin a san ainihin abin da yaron yake haɗiya. Gwani yakan shiga gida ya fara da tambaya: ina ake daka, ina ake shanya, ina ake zubar da ruwan wanki, ina yara suke wasa, da wace ƙasa aka yi tubalin wancan bangon? Amsoshin ne ke nuna masa inda zai kafa na'ura, sannan ya zana taswirar gidan a takarda, ɗaki ɗaki, yana rubuta lamba a kowane lungu.

Lambobin da aka samu sun girgiza har waɗanda suka tsufa a aikin. A lokacin, ƙa'idar Amurka ga ƙasar da yara ke wasa a kai ita ce kada dalma ta wuce miligiram 400 a kowane kilo. A wasu wuraren niƙa na Zamfara an auna sama da 100,000, wato kashi ɗaya bisa goma na ƙasar dalma ce zalla. Masu binciken ma'adinai na Amurka da suka duba samfurin sun gano wani abu kuma: ruwa da iska sun daɗe da sauya dalmar dutsen zuwa wani nau'i mai saurin narkewa a ruwan cikin ɗan Adam. Ƙasa biyu suna iya nuna lamba ɗaya a na'ura, ɗaya ta yi kisa, ɗaya ta yi sauƙi. Sanin wannan bambancin yana cikin abin da ke raba masani da mai karanta lamba.

Wanda ya jagoranci tsara aikin, Ian von Lindern na kamfanin TerraGraphics, tare da Margrit von Braun da Simba Tirima da sauransu, ya shafe shekaru tun daga 1970 da ɗoriya yana fama da irin wannan matsala a Bunker Hill da ke jihar Idaho ta Amurka, inda masana'antar narka dalma ta gurɓata garuruwa. A can da manyan motocin haƙa da miliyoyin daloli aka yi aikin. A Dareta babu hanya, babu wuta, damina kuma tana tafe. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka mai da wannan ilmi abin da fartanya da shebur da baro za su iya aiwatarwa.

Hukuncin da suka yanke shi ne a kankare saman ƙasa kimanin santimita biyar, faɗin yatsu uku ke nan. Me ya sa ba kamu ɗaya ba, ba gaba guda ba? Saboda halin dalma. Ƙwayoyin yumɓu da tsatsar ƙarfen da ke sa ƙasarmu ja da ruɓaɓɓen ganye duk suna riƙe dalma gam, ba sa barin ruwan sama ya gangara da ita da sauri. Tunda kuma bala'in bai daɗe ba, gubar tana nan a sama inda ta sauka, musamman a daɓaɓɓiyar tsakar gida. In ka haƙa fiye da kima, ka ninka ƙasar da za a kwasa da ramin da za a binne ta da kwanakin aikin, alhali a ƙauye na gaba yara suna mutuwa suna jira. In ka gaza, ka bar guba. Don haka bayan an kankare sai a sake aunawa, inda lamba ba ta sauka ba a ƙara kankarewa. Wurin da ya haura 1,000 a kwashe shi, wanda yake tsakanin 400 da 1,000 a rufe shi da ƙasa mai tsabta. Ita ma sabuwar ƙasar sai an auna ta tun daga inda za a ɗebo ta. Gurɓatacciyar kuwa a zuba ta a buhuna a kai wani rami da aka haƙa bayan gari, aka zaɓi wurinsa nesa da rijiyoyi da hanyar ruwa, a binne a rufe.

Akwai ɓangaren aikin da ba a koyar da shi a ɗakin gwaji. Gidan Bahaushe ba fili ba ne da baƙo namiji zai faɗa da na'ura. Sai an bi ta hannun sarakuna da dagatai da masu unguwa, an nemi iznin maigida, an fahimtar da matan gida dalilin da zai sa a fitar da gado da kwalla da tukwane a share ɗaki a goge. Kuma dole ne a yi magana da mai haƙar zinare ba da tsawa ba, domin abin da yake samu a dutse ya ninka abin da gona take ba shi, kuma shi ma ɗansa ya binne. Wanda ya ce masa ya daina, ya ɓata bakinsa. Wanda ya ce masa ya fitar da niƙan bayan gari, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida, shi ne aka saurara.

An gama Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010. Aka bi da Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru zuwa farkon 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi jira har 2013, sai da aka yi ta matsa wa gwamnatin tarayya lamba kafin ta saki kuɗin. Jiran nan abin takaici ne, domin an san cutar, an san maganinta, an gwada an ga ya yi. A ƙarshe an kwashe ƙasa sama da kubik mita 27,000, wato faɗi da tsawo da zurfi, daga gidaje 820 da wuraren sarrafa dutse a ƙauyuka takwas, mafi yawanta da hannu. Wannan ya buɗe hanyar jinyar yara 2,349, kuma matsakaicin dalmar da ke jinin yaran ya sauko daga 149 zuwa 15 a ma'aunin likitoci.

Duk da wahalarsa, aikin Zamfara yana da sauƙi guda: gubar tana zaune wuri ɗaya. Wuyar sana'ar tana bayyana ne in guba ta isa ruwan ƙarƙashin ƙasa, domin shi tafiya yake yi, kuma ba wanda ya taɓa ganin hanyarsa.

Mutane da yawa suna ɗauka wani kogi ne ke gudana a ƙarƙashinmu. A mafi yawan wurare ba haka ba ne. Ruwan yana cike ne a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, ko a tsagar dutse, yana tsiyaya a hankali daga inda ya yi tudu zuwa inda ya yi kwari. A cikin tsakuwa yana iya cin mitoci a rana, a cikin yumɓu kuwa shekara ba ta kai shi ko'ina. Wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, shi ya fitar da lissafin wannan tafiya a 1856, lokacin da yake aikin ruwan birnin Dijon, ta hanyar zuba ruwa a bututu cike da yashi yana auna abin da ke fita. Har yau da lissafinsa ake aiki. Masani zai huda ƙananan rijiyoyin sa-ido aƙalla uku, ya auna tsayin ruwan kowacce daga ma'auni ɗaya, daga nan ya san ɓangaren da ruwan ya karkata. Ya duba ƙasar da aka zaro daga ramin, taki taki, ya san saurin tafiyar. Sai ya iya ce wa mutanen unguwa rijiyar gabas ba ta da matsala, amma ta kudu a daina sha. A ƙasar Kano da Zariya, inda ruwa ke cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, lissafin ya fi wuya, don rijiyoyi biyu maƙwabta suna iya sha daga tsaga daban daban. A kwarin Sakkwato da na Tafkin Chadi kuwa shimfiɗun yashi ne masu faɗi da yumɓu a tsakani.

Sannan kowace guba da tafiyarta. Fetur da gas sun fi ruwa sauƙi, sai su taso su kwanta a samansa kamar man gyaɗa a kan miya, suna narkar da gubarsu a ciki sannu a hankali. Wasu sinadaran wanke injuna sun fi ruwa nauyi, sai su nutse har gindi su taru a kan yumɓu, wanda ya ɗebi samfur daga sama kawai sai ya ce ruwa lafiya. Gishirin takin zamani da abin da ke tsiyaya daga masai ba sa maƙale wa ƙasa, tare da ruwan suke tafiya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma aikin masani ne ya bi sawu har ya kai ga abin da ya tsamar da shi.

Misali mafi girma a ƙasar nan shi ne na Ogoni a jihar Ribas. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta a watan Agusta na 2011, bayan ta binciki wurare sama da 200, ta ɗebi samfur fiye da 4,000, ta huda rijiyoyin sa-ido 142. A Nsisioken Ogale ta tarar mutane suna shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin, mai jawo ciwon daji, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. A kusa da wurin an ga tataccen mai mai kaurin santimita takwas yana kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Amma abin da ya fi koyar da darasi a sana'ar shi ne wannan: an daɗe ana gyaran wuraren da mai ya malala ta hanyar juya saman ƙasa kawai, bisa zaton akwai shimfiɗar yumɓu da ke tare man daga gangarawa. Da aka huda aka duba, sai aka ga yumɓun ba a haɗe yake ko'ina ba, kuma a wurare 49 man ya kai zurfin mita biyar ko fiye. Santimita biyar ta wadatar a Dareta, mita biyar ba ta wadatar a Ogoni ba. Ba a aron amsar wani wuri a kai wani, sai an haƙa an gani. Rahoton ya ƙiyasta gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30.

Hanyoyin gyaran ruwa suna da yawa, kuma babu mai sauri a cikinsu. Ana zuƙo ruwan da famfo a tace shi da gawayi na musamman a mayar, amma da an kashe famfo sai gubar da ta ɓuya a yumɓu ta sake fitowa, shi ya sa ake shekaru ana yi. Ana kuma ciyar da ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa, a ba su iska da ɗan taki, su cinye man da kansu. Dabarar da ta fi ƙayatar da ni ita ce katangar garin ƙarfe, wadda masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka ɓullo da ita. A haƙa dogon rami a gicciye a gaban gurɓataccen ruwa, a cika shi da ɓarɓashin baƙin ƙarfe, a rufe. Ruwan ya ratsa ta ciki da ƙafarsa, ƙarfen yana tsatsa yana karya gubar. A 1996 an gina irinta a Elizabeth City ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka, mai tsawon mita 46, don tare kuromiyam da ya tsiyaya daga wani wurin shafen ƙarfe. Babu famfo, babu wutar lantarki, babu man janareta. Amma sai wanda ya san ainihin hanyar ruwa da zurfinsa zai san inda zai kafa ta, in ya kauce kaɗan ruwan ya zagaye ta ya wuce.

Zancen kuromiyam ba na nesa ba ne ga mutumin Kano. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, amma masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai da gishirin kuromiyam suke aiki, kuma ruwan da suke zubarwa yana bi ta magudanai zuwa kogunan da ake ban ruwan lambu da su. Nau'in da ake jima da shi ba ya tafiya sosai a ƙasa. Sai dai in ya haɗu da wasu ma'adinan manganis da ke cikin ƙasa, yana iya rikiɗa zuwa nau'i mai guba ƙwarai, wanda yumɓu ba ya riƙewa. Ko hakan yana faruwa a wata fadama ko wata rijiya, tambaya ce da masanin ƙasa kaɗai zai amsa, da samfur a hannu. Haka nan tankunan gidajen mai da ke binne a tsakiyar unguwanni, da tsofaffin kududdufan da aka mai da bololi, da rijiyar burtsatse da ake hudawa taku kaɗan daga masai.

Matashin da ke sha'awar wannan hanya yana da inda zai fara. Akwai sashen kimiyyar ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, akwai Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo, akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, a Nijar kuma akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Zai buƙaci ilmin sinadarai da na duwatsu da lissafi, da ƙafar da ba ta gudun rana, da amanar rubuta lambar da na'ura ta nuna ko da wanda ya biya kuɗin aikin ba ita yake so ba. Mafi yawan masananmu na ƙasa wajen taki da amfanin gona suka karkata, kuma wannan aiki ne mai daraja, amma ɓangaren gurɓata yana neman mutane, musamman mata, waɗanda za su shiga cikin gida ba tare da shamaki ba. Harshe ma jari ne: wanda zai tambayi uwargida inda take daka da Hausarta ya riga baƙon masani nisa.

Buƙatar ba ta ƙare ba. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu, aka sake kankare gidaje a shekarar da ta biyo. Gidan da aka gyara kuma yana iya sake gurɓata cikin 'yan watanni in buhun dutse ya dawo zaure, don haka sai an riƙa komawa ana aunawa. A Shikira ne MSF da ƙungiyar OK International suka gwada fesa ruwa a bakin injin niƙan dutse don kwantar da ƙura, suka auna iskar da masu aikin ke shaƙa kafin da bayan haka. Dalmar da ke cikinta ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100.